Tumakin Mata a Gonar Babanmu

A garinmu tunkiya ta mace ce, amma kashinta na mijinta ne. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya karanta mana wannan doka, haka muka tashi muka tarar. Mace ta sayi tunkiyarta da ribar ƙuli-ƙuli ko kwasar adashi, ta ɗaure ta a turke bayan ɗaki. Da damina maigida ya yanko ciyawa, da kaka ya kawo harawa, ladansa kuwa shi ne takin da ya taru a gindin turken. In bazara ta gabato sai ya kwashe ya kai gonarsa, da can a mangala bisa jaki, yanzu a amalanke. Na yi shekara da shekaru ina koyarwa a firamare har na yi ritaya, ban taɓa zaton wannan 'yar ƙa'ida za ta kai ni gaban dagaci ba.

Gonar babanmu tana kan tudu, in ka fita daga Haɗeja ka kama hanyar Malam Madori. Daga ƙarshenta na kudu kana hango fadama shimfiɗe, shinkafa da damina, alkama da rani. Muna yara gawo ne ya cika gonar. Da an gama girbi Fulani za su sauka a cikinta da dabbobinsu, su yi watanni, Baba ya ba su dammunan gero, su kuma su bar masa taki, mu yara mu sha nono har mu ture. Geron gonar nan in ya yi kai, mutum a kan jaki sai ya ɓace a ciki.

Da Baba ya rasu mu biyu muka rage, ni da yayana namiji. Ba a raba gonar ba. Ina da albashi, ina da miji, kuma a lokacin in ce wa Yaya a auna mini sulusina, da na ji kamar na yi masa rashin kunya. Shi ya ci gaba da nomanta. Ba zan kira shi malalaci ba, don Yaya ya fi kowa sammako. Abin da ya same shi shi ne ba ya iya ganin abu a ƙasa ya bar shi. Ya kwashe hatsi, ya sayar da kara, ya sayar da harawa, har tushiyar gero sai ya tone an kai gida an hura wuta. Masu gawayi suka yi masa tayi, gawon ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Fulani suka daina sauka, don ba abin da dabba za ta lasa. Ya riƙa cika wa gonar takin zamani lokacin da yake da araha, da ya yi tsada ya rage, ƙuduji ya mamaye geron. Daga nan iska ta ɗebe ƙasar sama, ta bar fako tsantsa, mai tauri kamar daɓe. Ruwan sama in ya sauka a kai ba ya ko sallama, gangarawa yake yi ya tafi fadama. Yaya ya haƙura ya koma saye da sayar da riɗi.

Sai ga masu tifa. Tun da ambaliya ta koya wa mutanen Haɗeja hankali, ba mai ɗora bulo sai ya yi ciko ya ɗaga harsashin gininsa, kuma ƙasar cikon daga irin tudunmu ake ɗibarta. Maƙwabcinmu na yamma ya riga ya sayar. Na je na ga abin da ya rage na gonarsa: rami ne wawakeke, mai zurfin da ya fi tsayin ɗaki, kowace damina gefensa na zaftarewa yana cin gonar da ke kusa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya ya shigo gidana. Ya sha ruwa, ya tambayi yara, ya tambayi ƙafata da ke ciwo, sannan ya zo kan magana.

"Masu tifa sun zo wajena. Gonar nan dai ta mutu, ke ma kin sani. Gara a karɓi abin da za a karɓa, in ba ki naki."

"Yaya, wanda ya mutu ai binne shi ake yi, ba tone shi ba."

"Bakin nan naki shi ya sa ba na son kawo miki shawara. To me za ki yi da fako? Ki shanya zane?"

Na ce dai ban yarda ba, ya tashi ya tafi yana girgiza kai. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san in ya nace zai iya kiran a raba, ya sayar da kashi biyunsa, ni kuma a bar ni da ɗan tsibiri a bakin rami.

Amsar tambayar Yaya ta zo ne ta hannun wata tsohuwar ɗalibata. Iyayenta mutanen Filato ne, aikin gwamnati ya kawo su, a nan aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunmu. Yanzu malamar gona ce. Mun haɗu a kasuwa wajen masu kifi, ta durƙusa ta gaishe ni kamar tana aji huɗu, muka taɓa hira, na yi mata kukan gonar. Ta ce ai kuwa wata ƙungiya ta kawo tallafi na farfaɗo da gonakin da suka gaji. Ba kuɗi za a danƙa wa mutum ba. Za a ba shi 'yan tumaki da rago ɗaya, da wayar shinge da ake iya naɗewa a matsar, da abincin rani, da allurar rigakafi, da ɗan abin da za a biya mai gadi. Sharaɗin shi ne tumakin su zauna a kan gonar, su ci a nan, su kwana a nan, tsawon rani biyu.

"Amma Malama," in ji ta, "sai gonar da ta lalace sosai ake ɗauka."

Na ce, "'Yata, in dai lalacewa ce, a yau ma a ba mu kambu."

Ranar da aka yi taron tantancewa a ƙofar gidan dagaci na sha dariya. A rayuwata ban taɓa ganin manomi yana fariya da mutuwar gonarsa ba sai ranar. Wani ya rantse tasa ko tumfafiya ba ta fitowa. Wani ya ce tasa ƙadangare ma sai ya yi guzuri kafin ya ratsa ta. Mutumin da na sani bara ya cika rumbu biyu ya tashi yana share ido. Malamar gonar ba ta yi musu da kowa ba, ta ce za ta bi gona-gona ta gani. Da ta zo tamu ta sa wani ya sara da fartanya, fartanyar ta yi ƙara ta dawo. Muka shiga cikin waɗanda aka ɗauka.

Yaya ya yarda ya jira, ba don ya gaskata ba. Cewa ya yi, "Yi wasanki har tallafin ya ƙare. Bayan nan kada ki ce ban yi miki kara ba."

Mai gadin da na samu Bafulatani ne magidanci, ɗan mutumin da ke sauka a gonar zamanin Baba. Ya kafa bukka a gefe ya kawo iyalinsa. Aikin ba wani sihiri a cikinsa. A kewaye ɗan wuri da waya, a shimfiɗa kara da ƙaiƙayi a kan fakon, a zuba tumakin a ciki, a ba su harawa da dusa da 'ya'yan gawo. Su tattake karan da kofato, su farfasa ɓawon ƙasar, su jiƙa ta da fitsari, su zuba kashi. In wurin ya yi baƙi ya yi laushi sai a naɗe wayar a matsa gaba. Abin da Fulani ke yi wa Baba ne kyauta, yau ga shi ya dawo da hula da takalmi ana kiransa shiri.

Matsalar ita ce tumakin ba su da yawa. Rani ya kusa rabi, na tsaya na dubi wurin da muka gyara, bai fi tsakar gidan mai mata biyu ba, ga gona kuwa har inda ido ya tsaya. A wannan tafiyar sai jikokina ne za su ga ƙarshenta. Na koma wajen ɗalibata, ta ce ƙari babu, abin da aka ware ke nan. Amma abinci da allura, in ji ta, ba a ce dole sai tumakin tallafi kaɗai za su ci ba, muddin a kan gonar suke.

A hanyar komawa gida na ga amsar tana yawo a bola. Da rani ana sakin tumakin mata su yi ta gantali a gari, su ci takarda, su ci leda, cikinsu ya kumbura, wasu su mutu, wasu ɓarayi su jefa a bayan keke mai ƙafa uku. Na bi gidajen unguwarmu ɗaya-ɗaya. Na ce wa kowace ta kawo tumakinta gonarmu, ga abinci, ga allura, ga mai gadi, ga ƙaton rago balami, ba ta biyan ko kwabo. Ban sha wahalar lallashi ba. Wata ta ce, "Malama, abin nema ya samu." Ni ma na kai nawa, cikin 'yan kwanaki garke ya cika, kowace tunkiya da ƙyallen da uwar ɗakinta ta ɗaura mata a wuya don shaida. Wayar da muke matsarwa sai an daɗe, yanzu ba ta daɗewa a wuri ɗaya. Na riƙa zuwa kullum da safe a bayan babur, ƙafa na ciwo amma zuciya fari ƙal.

Maigidana ne ya fara ankara. Shi ma manomi ne, yana da 'yar gonarsa ta gero ban da ta shinkafa. Da zafin bazara ya fara, ya ɗauki shebur ya zagaya bayan ɗaki inda nake ɗaure tumakina, ya tarar da wurin a share tas. Ya dawo ya tsaya a kaina ina tsintar wake.

"Malama, ina takina?"

"Wane taki, Malam?"

"Wanda na yi damina guda ina yanko wa ciyawa, har maciji ya kusa sarana."

"Na daminar ai ka kwashe tun da kaka."

"Na ranin fa? Ko su tumakin azumi suke yi?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Kafin mako ya zagayo maganar ta cika majalisu. Maza suka ce Malama ta yi musu wayo, ta yashe takin unguwa guda ta kai gonar ubanta. Aka kai ƙara wajen dagaci, aka aiko in zo.

Gaskiya suna da hujja, kuma ban je da niyyar musanta ta ba. Buhun takin zamani ya fi ƙarfin yawancinsu, wannan na bayan ɗaki shi ne abin da suke taƙama da shi. Amma ni ma ban saci komai ba. Na tafi da wata tsohuwa maƙwabciyata, wadda mijinta ne ya fi kowa ɗaga murya. Ya tashi ya yi bayani mai tsawo a kan yadda aka gada tun kaka da kakanni. Da ya zauna ta gyara lulluɓinta ta ce:

"Ranka ya daɗe, ni dai tunkiya tawa ce, ban ce kashin nawa ne ba. In nasa ne, ga hanya nan, ya bi ta da ƙwarya ya tara. Bara tumaki biyu suka mutu mini da leda a ciki, ban ji ya kawo ƙara ba."

Har dagacin sai da ya rufe baki da hannun riga. Da aka natsa na faɗi abin da na zo da shi. Da damina, lokacin da ake shelar a ɗaure dabbobi, kowace tunkiya za ta koma turkenta, takin wannan lokacin na maigida ne kamar yadda aka saba. Da rani kuwa garken zai zauna a gonarmu har tallafin ya ƙare, bayan nan waya da garke za su riƙa zagayawa gonakin mazan da matansu suka sa tumaki, bi da bi. Wanda bai yarda ba, matarsa ta je ta kwance nata yau ɗin nan, ba gaba ba faɗa.

Wasu suka janye. Ban riƙe su a zuciya ba, mai gona ɗaya ba ya noma da alkawari. Fiye da rabi suka bar tumakin a garken. Maigidana ma ya bar nawa a can, amma ya yi wata guda yana kirana sarkin taki a gaban baƙi.

Ruwan farko na shekarar ya sauka da la'asar, washegari na yi sammako. A kan fakon da ba mu kai gare shi ba, ko alamar an yi ruwa babu. A inda tumaki suka zauna kuwa ƙafata ta nutse. Na tsuguna na tura yatsa, ya shige har ƙarshe, ƙasar da sanyinta da ƙanshinta. Na zauna a wurin na yi kuka, ban ji kunyar mai gadi ba. Na shuka gero da wake. Daminar farko ba a yi abin a zo a gani ba, amma an daka an sha fura da geron gonar Baba, abin da aka daɗe ba a yi ba. Kuma ga 'yan tsiron gawo nan birjik, daga 'ya'yan da tumakin suka ci suka kasayar. Na bi su na kewaye da ƙaya.

Rani na biyu muka ci gaba daga inda muka tsaya. Tumakin sun hayayyafa, mata na zuwa ganin 'ya'yansu kamar masu zuwa barka. Da damina ta biyu ta yi tsakiya, geron ya rufe kusan kashi biyu cikin uku na gonar, baƙi ƙirin don ƙoshi. Masu wucewa a hanya suna tsayar da babur su kalla. Abin da ya rage fako shi ne ɓangaren yamma, wanda ke bakin hanya, daf da ramin maƙwabcinmu. A nan tallafin ya ƙare.

Yaya ya zo ya zagaya gonar hannu a baya, ya tafi. Bayan girbi ya sake shigowa gidana. Wannan karon bai yi dogon zagaye ba.

"Na ga aiki, Allah ya yi miki albarka. Zan dawo noma. Amma gara a raba, kowa ya san nasa, don ba mu san gawar fari ba. Ke kika sha wahala, ke za ki fara zaɓa. Ɗauki sulusinki a inda ya fi kyau."

"Fakon yamma fa?"

"Wannan ya faɗo a nawa. Masu tifa har yanzu suna so, ga shi a bakin hanya. Ba ruwanki da shi."

A ganinsa adalci ya yi mini, har da kyauta. Na kwana biyu ina juya maganar. In aka tone yamma, ramin zai haɗe da na maƙwabci, ya zo ya tsaya a gindin geronmu. Ruwan da muka sha wahala muka koya wa zama zai sami inda zai gudu, gefen ramin kuma ya riƙa cin gona kowace shekara, nawa da nasa duka. Yaya ba zai sayar da ƙasar da ke ba da hatsi ba, wannan na sani, son abin da ke hannu ba zai bar shi ba. Abin da bai ga amfaninsa ba ne kawai zai sayar.

Ranar rabo aka zo da liman da wakilin dagaci da dattawa biyu da igiyar awo. Maigidana ya rako ni. Aka yi addu'a ga Baba, aka auna gonar, liman ya bayyana abin da kowa ya sani, namiji kashi biyu, mace ɗaya. Sannan ya juyo gare ni ya ce Yaya ya ba ni zaɓi, in nuna.

Na nuna yamma.

Maigidana ya matso ya yi ƙasa da murya, "Malama, rana ce ta buge ki? Gabas ake nufi, inda kika zuba takina." Liman ya ɗauka ban fahimta ba, ya sake bayani a hankali, yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Na ce na fahimta sarai, fakon nake so, daga bakin hanya har inda igiya ta kai. Igiyar ta cinye fakon duka, ta ɗan taɓa gefen geron da abin da bai fi shimfiɗar tabarma ba.

Kada wani ya ɗauka da daɗin rai na yi. Na dubi gabas, ƙasar da na bi taku-taku da ciwon ƙafa, na sha gori a kanta, na je gaban dagaci a kanta, ga gawona sun fara tasowa. Na ji haushin Yaya, na ji haushin kaina da ban nemi rabon tun tana fako duka ba. Amma ban yi shakkar abin da na zaɓa ba. Ina da tumakina da suka ƙaru, matan unguwa suna tare da ni, in zagayen garke ya zo kaina zai sauka a yamma.

Liman ya tambaye ni a gaban shaidu ko wani ya tilasta ni, na ce babu. Aka kafa turakun iyaka, aka ce da damina a dasa gamba a kan layin. Aka shafa fatiha mutane suka fara watsewa. Yaya ya tsaya a wajen turken ƙarshe har na iso. Bai dube ni ba.

"Kin hana ni sayarwa ke nan."

"Na hana ka, Yaya."

"Kuma kin bar mini guminki. Me mutane za su ce da ni?"

"Su ce ka gaji ubanka. Ni na riga na san yadda ake tayar da matacciya. Kai dai kada ka kashe mai rai."

Turken da ke gabansa ya ɗan karkace, don ƙasar wajen tauri gare ta. Ya sunkuya ya ɗauki dutse, ya miƙar da shi, ya yi ta bugu da hannunsa har ya zauna daram.